Saukar Baƙi a Birnin Shehu: Jagora ga Mai Karɓar Iyalin Ɗan Mishan

Idan dattawan ikilisiya suka kira ka suka ce ga iyalin ɗan mishan nan tafe daga Ghana ko Koriya ko Amurka, kuma kai ne za ka sauke su a Sakkwato, to an ɗora maka aikin shekara guda cur. Ɗauko su daga filin jirgin sama na Sultan Abubakar III aikin yini ɗaya ne. Babban aikin shi ne mai da miji da mata da 'ya'yansu, waɗanda ba su san gabas ba balle yamma, su zama mutanen unguwa: a san su, a gaishe su, a aiko musu da abincin suna, a cigiya in an kwana biyu ba a gan su ba. Baƙo ko da ido makaho ne, in ji Hausawa. Duk ramin da ya faɗa, da sunan mai masaukinsa za a ba da labari.

Su san inda za su zo

Tun ba su taso ba ka rubuta musu, ka gaya musu wane irin gari ne wannan. Yawancin masu zuwa abin da suka ji game da arewacin Nijeriya bai wuce tashin hankali da talauci ba. Ka gaya musu Muhammadu Bello ne ya kafa birnin a 1809, mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a nan ya rasu a 1817, kuma har gobe mutane na tahowa daga nesa don ziyarar kabarinsa a Hubbare. Gari ne na malamai da littattafai. Sa'ad da Baturen nan Hugh Clapperton ya iso a 1824, Sarkin Musulmi Bello ya yi masa tambayoyi kan rabe-raben ɗarikun Kirista na dā, har baƙon ya amsa cewa iliminsa bai kai nan ba. 'Yar'uwar Bello, Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ita ta tsara 'Yan Taru masu kai karatu ga matan karkara. Wanda ya taho da zaton jahilai zai tarar, ya yi tuntuɓe tun bai sauka ba.

Ka kuma gaya musu ba su ne na farko ba. Bayan sojojin Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, shugaban mulkin mallaka Lugard ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki cikin addinin Musulunci ba, kuma da wannan alkawari aka tsare 'yan mishan daga masarautun Musulmi wajen shekara talatin. Da ƙofar ta buɗe a shekarun 1930, ta wajen jinya ta buɗe. Ƙungiyar mishan ta SIM ta karɓi aikin kula da masu cutar kuturta a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa a nan kusa da mu, cikin ƙaramar hukumar Dange-Shuni ta yanzu. Da wankin gyambo aka fara sanin 'yan mishan a ƙasar nan, kuma mutuncin da tsofaffi ke ba su daga can ya samo asali. Katolika sun samu yankinsu na Sakkwato a 1953 a hannun limaman Dominikan daga Amurka, ya zama dayosis a 1964 da Edward Lawton a matsayin bishop na farko, kuma tun 2011 Bishop Matthew Hassan Kukah ke riƙe da shi. Angilika sun kafa tasu dayosis a 1990, bishop ɗinta na farko Josiah Idowu-Fearon, mutumin da ya zauna ya yi karatun Musulunci mai zurfi. Ikilisiyar ECWA kuwa tun 1954 take tsaye da ƙafarta. Ikilisiyar garin nan ta 'yan ƙasa ce, da fastocinta da dattawanta, baƙo a ƙarƙashinsu zai zauna. Gara ya ji wannan daga bakinka tun yana gida.

Lokaci, takardu, gida

In kana da ta cewa kan ranar zuwansu, zaɓi Nuwamba ko Disamba. Damina ta wuce, sauro ya ragu, hunturu ya shigo da sanyin safiya. Za su sha ƙura, leɓe da diddige za su tsage, amma man kaɗanya ya isa maganin wannan. Kada ka yarda a kawo maka iyali mai ƙananan yara a watan Afrilu. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma jikin da bai saba ba yana bukatar watanni kafin ya tari bazarar Sakkwato.

Batun takardu gajere ne amma ba a wasa da shi. Ikilisiyar da ta gayyace su ita ce za ta tsaya musu a Hukumar Shige da Fice har su samu katin zama na CERPAC, kuma aikin da aka rubuta a takarda ya zama shi ne aikin da suke yi. Su zo da katin rigakafin shawara, su yi na sanƙarau da taifot kafin su taso. Sakkwato na cikin yankin da sanƙarau ke ɓarkewa da rani, an ga haka a 1996, an sake gani a 2017.

Gida ne inda masu masauki suka fi kuskure, kuma kuskuren na ƙauna ne. Mukan nema wa baƙo gida mai doguwar katanga a inda ba kowa, mu sa maigadi, mu ce mun tsare shi. Shekara biyu sai ka tarar bai san sunan maƙwabci ko ɗaya ba. Ba na cewa a kai shi tsakiyar tsohon gari, kusa da unguwar Kanwuri ko Hubbare, wannan ma rashin tunani ne. Nemi unguwar da jama'a suka cakuɗu, ma'aikata da 'yan kasuwa, Musulmi da Kirista, irin wasu sassan Mabera ko Arkilla ko Gwiwa ko wajen tsohon filin jirgi, inda akwai mai shayi da mai kanti da yara a layi.

Ka je da kanka ka duba gidan da azahar, lokacin da rana ta take. Akwai silin, ko kwano ne tsirara? Tagogi na fuskantar juna yadda iska za ta ratsa? Akwai darbejiya a tsakar gida? Itace ɗaya mai inuwa ya fi ɗaki ɗaya na ƙari. Tambayi maƙwabta, ba dillali ba, sau nawa famfo ke kawo ruwa a mako, akwai rijiyar burtsatse kusa ko sai 'yan ga-ruwa. A sa tanki, a sa sola da batir da za su riƙe fanka da firij in an ɗauke wuta. In bene ne, hau sama ka leƙa ta kowace taga: duk wadda ke kallon tsakar gidan maƙwabci, inda matansa ke harkokinsu, a toshe ta ko a bar gidan. Wannan kaɗai ya isa ya ɓata zaman shekaru. Sannan ka gaya wa mai gidan gaskiya tun kafin a biya kuɗin shekara: Kiristoci ne, ma'aikatan ikilisiya ne, za su yi addu'a da waƙa a ɗakinsu, amma ba za a mai da gidan majami'a ba, ba kuma za a ɗaura lasifika ba.

Makon farko na gaisuwa ne

Kafin a gama kwance kaya, ka sa maigidan ya sa doguwar riga da hula, ka kai shi wurin mai unguwa. Ku tuɓe takalma, ku zauna ƙasa in an zauna ƙasa, ka ce: «Ranka ya daɗe, ga baƙo na kawo, amana ce a hannunka.» Ka faɗi sunansa da ƙasarsa da aikinsa, kada ka ɓoye komai. Mutumin da ya shigo da sunan ɗan kasuwa daga baya aka gano fasto ne, ba shi kaɗai ya zubar da mutunci ba, har da kowane Kirista na unguwar. Daga nan ku gaida limamin masallacin layin, da dattawan da ke zama a dakali bayan la'asar, da maƙwabtan dama da hagu da na gaba. Sai ofishin 'yan sanda na yankin, da shugabannin ƙungiyar Kiristoci ta CAN na jiha. In mai unguwa ya ga ya dace a kai shi gaban hakimi, shi zai yi muku jagora. Kada ku tsallake shi ku nufi fada.

A hanya ka riƙa koya masa ƙananan abubuwan da mu ba ma ko tunaninsu. Da dama ake bayarwa, da dama ake karɓa. Namiji ba ya wuce zaure sai an ce ya shigo, kuma yawanci ba za a ce ba. Ba ya miƙa wa matar wani hannu. Ba a gilmawa gaban mai salla. Ba a shiga magana sai an tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki, ko da kuwa gobara ce ta kawo ka. In suna da kare, a ɗaure shi a bayan gida. Giya da naman alade kada su ƙetare ƙofar gidan, ko da ɗarikarsu ba ta hana ba.

Zafi da lafiya

Tsarin yini sai ya sauya. Aikin ƙarfi da zuwa kasuwa daga asuba zuwa hantsi, da azahar a kwanta, a sake fita bayan la'asar. Baƙi daga ƙasashen sanyi kan ji kunyar barcin rana, suna ganin lalaci ne. Ka cire musu wannan. A sayi randa a ajiye a inuwa, ruwan da aka tafasa ko aka tace a zuba ciki. Kowa ya sha tun bai ji ƙishi ba, uwa kuma ta riƙa duba fitsarin yara: in ya yi ja ya ragu, ruwa ya yi kaɗan. A ajiye ƙullin gishiri da sukari na ORS a gida saboda gudawa. Da bazara a fitar da katifa tsakar gida a ɗaura gidan sauro, kamar yadda kowa ke yi, a kakkaɓe takalmi da safe saboda kunama.

Daga Yuli zuwa Oktoba zazzaɓin cizon sauro ke cin kasuwarsa. Yaron da bai taɓa yi ba, zazzaɓin kwana ɗaya na iya kai shi ga suma. Dokar ita ce duk zafin jiki a yi gwaji a ranar. Tun suna lafiya ka zaga da su su ga ƙofar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ta Asibitin Ƙwararru, ka haɗa su da likita ko nas daga cikin 'yan ikilisiya wanda za a iya bugawa waya da tsakar dare.

Hausa kafin komai

Ikilisiya za ta so ta ɗora baƙo kan bagade tun Lahadin farko, da tafinta a gefensa. Ka roƙi dattawa su ba shi wata shida ba wani aiki sai koyon harshe, shi da matarsa duka. Ka samo musu mai koyarwa, namiji ga maigida, mace ga uwargida, awa biyu kowace safiya. Abin da aka koya da safe a fita da shi da yamma a gwada a kan mai shayi da mai kayan miya. Su fara da gaisuwa, sai ƙirga da kuɗi, sai ciniki: yadda ake tayawa, yadda mai kaya ke cewa «albarka» in tayin bai yi masa ba, yadda ake rabuwa ba rai a ɓace. Tsohuwar Kasuwa da Babbar Kasuwa sun fi kowane aji. Da dare su kunna Rima Radiyo ko BBC Hausa ko da ba su gane rabi ba.

Ka faɗakar da su cewa Hausar littafi, wadda aka fassara Littafi Mai Tsarki da ita tun 1932, ta fi kusa da ta Kano. A titi za su ji «lahiya» da «hura» da «shina nan» da «munka tahi». Su iya karanta waccan, su iya jin wannan. In suna son zurfafawa, akwai Sashen Harsunan Nijeriya a jami'a. Kai kuma ka kama bakinka daga Turanci. Mu ne muke hana baƙi iya Hausa, don muna jin daɗin gwada namu Turancin a kansu.

Uwargida

A nan zan daɗe, domin iyalin da ya tattara ya koma kafin wa'adi, sau da yawa ba maigidan ne ya gaji ba. Shi yana fita, yana da ofis, ana kiransa Fasto. Ita tana cikin gida da yara da zafi, ba uwa ba ƙanwa, ba ta jin abin da ake faɗa a bayan katanga. Wannan ba aikinka ba ne kai namiji, na matarka ne da Zumuntar Mata. Su zaɓi dattijuwa ɗaya ta zama uwarta a garin, ta kai ta wurin tela a ɗinka mata atamfa da mayafi, ta koya mata ɗaurin kallabi, ta nuna mata wane mahauci ke yanka da safe, yadda ake auna shinkafa da gero, yadda ake tuƙa tuwo da kaɗa miyar kuka, da cewa nonon da aka saya a tafasa shi kafin a ba yara.

Sai kuma a shigar da ita gidajen maƙwabta. Ƙofar da aka rufe wa mijinta ita a buɗe take gare ta. An haihu, ta je barka da sabulu da 'yar rigar jariri, ta koma ranar suna. Ana biki, ta je a sa mata lalle, ta ba da gudummawa. An yi rasuwa, ta yafa mayafi ta je ta zauna a tabarma, ta ce «ya haƙuri», ta yi shiru. Ba a bukatar Hausa mai yawa a zaman makoki. Shi ma maigida ya je wurin maza a ƙofar gida cikin kwana ukun. Mutane kan manta wanda ya zo biki, amma suna riƙe da lissafin wanda ya zo ta'aziyya. In matan layin suka laƙa mata suna, Ladi ko Asabe ko Maman wane, ta amsa da murna. Alama ce an karɓe ta.

Su kuma san kalandar gari. Ranar Juma'a daga wajen ƙarfe 1 ana rufe hanyoyin da ke kusa da manyan masallatai, a gama zirga-zirga kafin nan. Da azumi kada a ci ko a sha a bainar jama'a, a aika wa maƙwabta sukari ko kankana, a karɓi kunu da ƙosai da hannu biyu. Da babbar salla nama zai shigo. In lamirinsu bai ba su su ci ba, su karɓa da godiya, kada a mai da kwano da abin da ke ciki. Da Kirsimeti su rama, amma a kira mahauci Musulmi ya yanka ragon ko kajin, a kuma bari maƙwabta su san haka aka yi, don su ci hankali kwance.

Iyakar da ba a ƙetarewa

Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin riƙe addininsa da bayyana shi. Jihar Sakkwato kuma tana aiki da shari'ar Musulunci a kan Musulmi tun shekarar 2000. Duka biyun gaskiya ne, kuma baƙo zai zauna a tsakaninsu. Ba wanda ya ce ya ɓoye bangaskiyarsa. In an tambaye shi abin da ya gaskata game da Yesu Almasihu, ya faɗa a fili cikin ladabi. Mutanen garin nan sun fi girmama mai riƙo da addininsa a kan marar addini. Amma ya faɗi nasa, ya bar na wani. Kalmar raini ga Annabi Muhammadu ko Alƙur'ani, da baki ko a rubuce, da gaske ko da wasa, ba ta da wuri. A watan Mayu na 2022 an kashe wata ɗaliba Kirista a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci a wani saƙon WhatsApp. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar da Bishop Kukah duk sun yi tir da kisan, aka sa dokar hana fita a birni. Kisan zalunci ne, ba abin da zai wanke shi. Duk da haka wajibi ne ka zaunar da iyalin, musamman 'ya'yansu matasa masu riƙe da waya, ka ba su labarin ba tare da ragi ba.

Yaran mutane ma iyaka ne. Ba a koya wa ɗan wani addini ba da sanin ubansa ba. Almajiri ya zo bara, a ba shi abinci don yana jin yunwa, in ana son a ɗauke shi aikin gida a je wurin malaminsa. Taimako, magani ne ko kuɗin makaranta, kada a ɗaura masa sharaɗin zuwa sujada. Wannan ciniki ne da yunwar mutum, kuma bishara ba ta bukatarsa. Haka hotuna: masu tallafa musu a gida za su nemi labari, amma kada a ɗauki maras lafiya ko mabaraci a watsa a Facebook ba da izininsa ba, kada kuma a rubuta game da maƙwabci abin da ba za a iya karanta masa a gabansa ba.

'Ya'yansu, da hanya, da hutu

'Yan mishan na dā sukan tura 'ya'yansu makarantar kwana a Filato tun suna ƙanana, Hillcrest ta Jos da aka buɗe a 1942 ko Kent Academy ta Miango. An samu ilimi, amma da yawa daga yaran sun girma suna ba da labarin zafin rabuwa da iyaye a shekara shida. Ina ganin ƙaramin yaro ya zauna gun uwarsa, ya yi makaranta a gari ko a gida, ya buga ƙwallo a layi. Shi zai riga kowa iya Hausa, kuma ta bakinsa gidaje da yawa za su san iyalin.

Cikin birni keke napep ya wadatar, sai su san gari kafin su fara tuƙi. Bayan gari kuwa, ba sa fita sai da shawararka. Gabashin jihar, wajen Isa da Sabon Birni, da kuma Tangaza da Gudu ta arewa maso yamma, sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kuma baƙon da ake ganin akwai kuɗi a bayansa abin farauta ne. Ba tafiyar dare, ba sanar da ranar tafiya a intanet, tafiya mai nisa a hau jirgi.

Wajen wata na huɗu zuwa na shida za ka ga sun sauya. Ɗokin farko ya wuce, komai na ba su haushi, ƙura da ƙudaje da baƙon da ya zo ba sanarwa. Kada ka ɗauka sun raina mu ne, gajiya ce, kuma tana wucewa. Ka rage musu hidima, ka kai musu abinci, ka shirya musu hutun mako biyu a Jos ko Miango cikin Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura. Kafin su tafi, maigida ya bi maƙwabta da mai unguwa ya yi sallama, ya ce ga ranar da za su dawo, ya bar amanar gidan a hannun na kusa. In za su dawo kuma su cika jaka da dankalin Turawa da kayan lambun Filato, a ƙulla wa kowane gida nasa, har da na liman da na mai shayi, a ba yara su kai.